Madannin da Ya Gusa

Kana gidan abincin nan ranar, kada ka ce ba ka nan. Kai ne ka ce a kawo maka taliya banda barkono, aka dire maka ita jawur. Ka yi tsaki, ka harari yarinyar da ke karɓar oda a kanta, ka ce ma'aikatan yanzu ba su da hankali, ka ture farantin ka fita. Ba ka tambayi kowa abin da ya jawo haka ba. Da aka fito da wani dattijo mai gyaran agogo ranga-ranga ana neman mota, kana tsallaken titi, har ka ɗaga waya ka ɗauki hoto. To saurari abin da ya faru bayan ka juya baya.

Mai gyaran agogon bai kai asibiti da rai ba. Likita ya ce maƙogwaronsa ne ya kumbura ya toshe numfashi, kuma gyaɗa ce sanadi.

Da la'asar Sufeton 'yan sanda ya iso gidan abincin tare da Saje. Sufeto mutum ne mai ƙarancin magana, ba ya yarda da abu sai ya taɓa shi da hannunsa. Saje kuwa mai tumbi ne, ƙamshin abinci kan raba masa hankali biyu.

Manajan gidan ya tarye su a ƙofa. Matashi ne, riga a goge, makullai na kaɗawa a ƙugunsa.

"Ranka ya daɗe, abin baƙin ciki ne. Dattijon nan kullum a nan yake cin abincin rana. Kowa ya san jikinsa ba ya shiri da gyaɗa."

"To yaya aka yi ta shiga farantinsa?"

Manaja ya zaro 'yar takarda daga aljihu. Takardar oda ce, irin wadda ke fita a kicin idan kashiya mai karɓar kuɗi ta danna na'ura a kan kanta. An rubuta: taliya da kaza, ƙara gyaɗa.

"Wa ya danna?"

Manaja ya sunkuyar da kai. "Ƙanwata ce, ranka ya daɗe. Autarmu. Ni na kawo ta aikin nan. Na sha gaya mata ta daina wasa da waya a kan kanta, ba ta ji."

Auta na zaune a bayan kanta a kan kwandon lemo, idanunta sun kumbura. Da ta ga kaki ta miƙe.

"Zauna, 'yata," in ji Sufeto. "Ko a'a, tsaya. Nuna min yadda kike aikin."

Allon na'urar bai fi tire girma ba. Sama hotunan abinci ne a jere. Layin ƙasa kuwa ba hoto, ƙananan madannai ne masu launin toka iri ɗaya, da ɗan siririn rubutu: ƙara albasa, banda albasa, ƙara barkono, banda barkono, ƙara gyaɗa, banda gyaɗa. Na ƙarshen nan shi ne a kusurwar dama.

"Yallaɓai, ni ba karanta su nake yi ba," in ji Auta. "Hannuna ya haddace su. In layi ya kai ƙofa, idona na kan mutane, yatsana na aiki. Baba mai agogo kuwa yana leƙowa nake danna masa, tun kafin ya zauna. Taliya, kaza, kusurwa. Wallahi kusurwa na danna."

"Juya ki kalli Saje. Kada ki dubi allon. Shinkafa da kifi, banda albasa."

Yatsanta ya yi tsalle a kan allon. Sufeto ya duba, daidai ne. Ya sake ba ta wata odar, ya sake ba ta wata, ba ta yi kuskure ba. Ya sunkuya ya kalli allon ta gefe. Ledar da aka manna masa ta dushe a wuraren da aka fi dannawa, kuma a tsakiyar kowane dushi yatsanta ke sauka.

"Kin karanta abin da ya fito kafin ki tura kicin?"

"Ban karanta ba, yallaɓai."

"Ina wayarki take a lokacin?"

"A durowar Yaya. Shi ke karɓe wayoyinmu da safe, sai an tashi ya ba mu."

Manaja ya matso ya dafa kafaɗarta, ya yi ƙasa da murya.

"Auta, ki amsa kuskure ne kawai, kada ki ja magana ta yi tsawo. Zan samo lauya. Na riga na gaya wa Umma kada ta damu."

"To, Yaya."

A waje dangin mamacin sun fara taruwa suna nuna ƙofa. Sufeto ya sa aka fita da Auta ta baya zuwa caji ofis. Kafin ta shiga mota ta juyo ta ce masa, "Yallaɓai, don Allah kada ku takura wa yayana. Tun rasuwar babanmu shi ya riƙe ni. Shi ya koya min allon nan da hannunsa."

Daga nan Sufeto ya shiga kicin. Kuku dattijo ne mai furfura, yana ta goge tukunyar da ta riga ta yi fes.

"Baba, yaya aikin rana ya kasance kafin abin ya faru?"

"Lafiya lau, yallaɓai. Ko faranti ɗaya bai dawo ba."

"Ban tambaye ka faranti ba."

Kuku ya ci gaba da goge tukunyarsa.

Saje ya ɗaga murfin garwar shara, ya dafe kai. "Yallaɓai, zo ka ga almubazzaranci. Wallahi da a gidana aka zubar da wannan, da an gama shari'a kafin ka iso."

Garwar cike take da abincin da aka ɗan taɓa aka bari. Taliya jawur da barkono, shinkafa lulluɓe da albasa.

Sufeto ya kalli ƙusar da ke bango kusa da murhu, inda ake soke takardun oda bayan an girka. Babu ko ɗaya a kanta.

"Ina takardun yau?"

"Manaja ya kwashe."

"Kullum yake kwashewa da rana?"

"Ni girki na sani, yallaɓai."

Washegari da safe suka dawo. An rufe gidan, kujeru a kife bisa tebura. Sufeto ya ce a buɗe masa sito. Yana duba buhunan gyaɗa, Saje ya buɗe firji ya tsaya yana shaƙar iska.

"Cuku ne wannan. Mai tsada ma. An kuma yanki gefensa."

"Suna sayar da abinci da cuku a nan?"

"Na karance jerin abincinsu tas jiya, yallaɓai, saboda aiki. Babu cuku."

A bayan ƙofar siton akwai ƙyallen talla a naɗe. Saje ya warware shi. An rubuta da manyan haruffa: Sabo! Ƙara cuku a taliyarka.

Sufeto ya ɗauki cukun ya kai kicin ya ajiye a gaban Kuku.

"Wa ka girka wa wannan?"

"Manaja ne ya ɗanɗana jiya da safe."

"Da baki ya gaya maka ka girka?"

Nan Kuku ya ɗago kai, ransa ya ɓaci. "Ni ba na ɗora tukunya da baki, yallaɓai. Ko mai gidan ne da kansa, sai takarda ta fito. Tun ranar da aka tuhume ni a kan kazar da ban ci ba na yi wa kaina wannan doka."

"Ke nan takarda ta fito da cuku a jiki."

"Ta fito."

"Takarda ba ta fitowa sai an danna madanni. Na duba allon nan, Baba, babu madannin cuku."

Kuku ya zauna a kan benci.

"Farantai sun yi ta dawowa," ya ce daga ƙarshe. "Wanda ya ce banda barkono, takardarsa ta ce ƙara barkono. Wanda ya ce banda albasa, ta ce ƙara albasa. Na leƙa ofis na ce, Manaja, yau hannun Auta ya rikice, je ka duba. Ya ce a bari cunkoso ya ragu. Takardar mai agogo kuwa ban san tasa ba ce, ai ba suna a jiki. Bayan an fita da shi Manaja ya ce in na buɗe baki za a rufe gidan, mu duka mu rasa aiki. Ina da iyali, yallaɓai."

"Ita ma yarinyar tana da uwa," in ji Sufeto.

Manaja na ofishinsa yana waya. Ya ajiye da ya ga sun shigo.

"Wa ke iya canza madannan allon nan?"

"Sai da lambar sirri, ranka ya daɗe. Ni da Injiniyan da ya kafa mana na'urar muka san ta."

"Ka taɓa ta jiya?"

"Ni? Rabona da shiga wurin gyaran tun da aka kafa ta. Yadda ka gan ta haka take kullum."

"Cukun fa?"

"Ɗanɗano kawai na yi. Kukun nan ya fara mantuwa, da baki na gaya masa." Ya matso da kujera. "Amma ka tuna min da wani abu. Injiniyan nan yana iya taɓa na'urar daga shagonsa. Na gaya masa za mu fara cuku. Wa ya sani ko ya yi karambani?"

"Takardun jiya fa?"

"Na zubar. Hankalina a tashe yake, ban san me nake yi ba."

"Amma ka san ka ware ta ƙanwarka ka sa a aljihu."



Saje ya je ya zo da Injiniya kafin azahar. Siririn mutum ne mai tabarau, jakarsa cike da wayoyi. Ya rantse bai taɓa na'urar ba, ya kuma ce wannan ƙaramin tsarin ba ya ajiye sunan wanda ya yi canji. Maganar wannan ce da ta wancan.

Sufeto ya sa wani kurtu ya zauna da Manaja a ofis, ya rufe ƙofa. Ya kai Injiniya gaban allon.

"Sa min sabon madanni a layin ƙasa. Ƙara cuku."

Injiniya ya shigar da lambar sirri, ya rubuta, ya ja madannin ya kai can ƙarshen layi ba tare da ya yi tunani ba. Layin ya riga ya cika, sai sabon ya faɗa shafi na biyu.

"A'a. Nan farkon layi nake so, inda ido zai fara ganinsa."

"Haba yallaɓai! Ai ba a yin haka. Sabo kullum ƙarshe yake zuwa. In ka sa shi a farko komai zai gusa da gida ɗaya, hannun masu aiki kuwa bai san an gusa ba."

"Sa min."

Injiniya ya ja madannin zuwa farkon layi. Sauran duka suka matsa dama. Inda banda albasa yake, ƙara albasa ya zauna. Inda banda barkono yake, ƙara barkono ya zauna. A kusurwar dama kuwa ƙara gyaɗa ne ya tsaya, launinsa iri ɗaya da wanda ya kora.

"Saje, nemo min banda gyaɗa."

Saje ya bi layin da yatsa daga hagu zuwa dama, ya dawo, ya leƙa sama cikin hotuna. "Ya ɓata, yallaɓai. Ko dai shi ma ya gudu ne da ya ga kaki?" Sai da Injiniya ya share allon gefe, sannan madannin ya bayyana a shafi na biyu, shi kaɗai a fili.

Aka kawo Auta daga caji ofis. Mayafinta ya yamutse, ba ta ci komai ba. Sufeto ya tsayar da ita a wurin aikinta.

"Kalli ƙofa, 'yata. Baba mai agogo ya leƙo. Danna masa."

Hawaye ya zubo mata, amma yatsanta ya yi aikinsa. Taliya, kaza, kusurwa. A kicin 'yar na'urar takarda ta yi ƙara. Kuku ya fito da takardar, ya karanta, "Taliya da kaza, ƙara gyaɗa."

Sai a lokacin Auta ta kalli allon. Ta kalli kusurwar, ta bi layin baya har zuwa cukun.

"Wa ya yi wannan?"

"Tsaya gefe ki gani. Kada ki yi magana."

Aka fito da Manaja. Ya kalli ƙanwarsa ya yi mata ɗan murmushin ƙarfafa gwiwa.

"Ka ce ba ka taɓa ganin allon nan a wani tsari daban ba," in ji Sufeto.

"Ko sau ɗaya, ranka ya daɗe."

"To. Saje zai ci taliya da kaza, shi ma gyaɗa ba ta karɓe shi ba. Nuna wa ƙanwarka yadda mai lura yake aiki. Yi sauri, layi ya kai ƙofa."

Abin da Manaja ke so ke nan, a ga bambancinsa da ita. Ya matsa gaban allon, ya danna taliya, ya danna kaza. Idonsa ya sauka a kan cukun. Yatsansa bai nufi kusurwa ba, bai kuma bi layin yana nema ba. Ya share allon gefe, ya danna madannin da ke shafi na biyu, ya juyo.

"Kin gani, Auta? Ido ake sa wa."



"Saje ya daɗe yana laluben madannin nan ɗazu," in ji Sufeto. "Kai ko nema ba ka yi ba."

"Ai kowa ya san akwai shafi na biyu."

"Yaya." Muryar Auta ce, a hankali. "Tun da na fara aiki a nan babu komai a shafi na biyu. Kai ka ce min kada in taɓa shi, ɓata lokaci ne. Yaushe ka ga madannin nan a can?"

Manaja ya kalli ƙofa, kurtu na tsaye a bakinta. Ya kalli Kuku, Kuku ya kawar da kai. Ya jawo kujera daga kan tebur ya zauna, makullan ƙugunsa suka zube ƙasa bai ɗauka ba.

"Da safe na sa shi, kafin ta iso. Na so cukun ya zo farko don ya fi fita. Na yi niyyar gaya mata in cunkoso ya ragu, wallahi na yi niyya. Da dattijon ya faɗi, kowa ya fita neman mota, na ruga gaban allon. Na nemi banda gyaɗa ban gan shi ba, sai can a shafi na biyu. Nan na gane. Na cire cukun, komai ya koma wurinsa, na kwashe takardun."

"Ka bar ɗaya," in ji Sufeto.

"Dole a samu wanda ya danna." Ya ɗago ya kalli ƙanwarsa. "Auta, ki fahimce ni. Ke yarinya ce, za a tausaya miki, za a ce kuskure ne. Ni in na faɗi wa zai riƙe gidanmu? Wa zai sayi maganin Umma?"

"Ka ce musu ina wasa da waya?"

Auta ta matso gabansa.

"Wayata tana cikin durowarka har yanzu, Yaya." Ta share fuska da bakin mayafi. "Jiya a caji ofis ban runtsa ba. Ba tsoron kurkuku nake ba. Ina ta tunanin na kashe mutumin da ke gyara min agogo kyauta. Na roƙi Allah ya yafe min, na roƙe shi ya tsare min kai. Ka dafa kafaɗata ka ce in amsa, kuma ka san ba ni ba ce."

Saje ya zaro ankwa. Wannan karon bai yi raha ba. Da aka kai Manaja bakin ƙofa ya waiwayo.

"Auta, ki gaya wa Umma..."

"Ka gaya mata da bakinka. Ai da bakinka ka gaya mata nawa."

Aka sa shi a mota. Sufeto ya shiga ofis ya buɗe durowa, ya ɗauko wayar Auta ya miƙa mata. Ta karɓa, ta tsaya tana kallon allon na'urar, ba ta taɓa shi ba.

Kada ka ɗauka an gama. Lauyan da Manaja ya ce zai samo wa ƙanwarsa ya samo shi, amma kansa ya samo wa. Tuni lauyan ya fara cewa tsoro ne ya sa shi amsa laifi, Kuku tsoho ne mai mantuwa, takardun kuma babu su. In kotu ta yarda da haka, takarda ɗaya ce za ta rage, wadda yatsan Auta ya fitar, kuma ita za ta shiga kurkuku.

Abin da zai rushe maganar lauyan shi ne mutanen da aka dire wa abin da ba su nema ba a ranar, kafin mai agogo ya zauna. Garwa guda aka cika da abincinsu. Sufeto ya sa sanarwa yana neman su, har yau ko mutum ɗaya bai zo ba. Kowa na cewa ba ya son shiga maganar 'yan sanda.

Da ka tsaya ranar ka ce a kira maka manaja, ka ƙi tafiya sai an duba allon, da mai agogo na shagonsa yanzu. Wannan ta wuce ka. Wadda ba ta wuce ka ba ita ce yarinyar da ka harara.

Ka san taliyar da aka kawo maka, ka san abin da ka nema. Ajiye abin da kake yi, ka tafi caji ofis, ka tambayi Sufeto, ka gaya masa ka ce banda barkono.